Yadda Za a Tsara Kai-Komon Bayanai Tsakanin Cibiyar Manhaja da Fuskarta

Kafin a rubuta komai, sai a tantance ɓangaren da zai mallaki bayanai, kuma wanda ya dace shi ne cibiyar manhaja, wato inda ake lissafi da adanawa da zartar da ƙa'idoji. Fuskar da ake gani a allo aikinta biyu ne: ta nuna abin da aka ba ta, ta kuma kai rahoton abin da mai amfani ya taɓa. Wannan rabon aiki ya daɗe, domin tun 1979 masanin kwamfuta Trygve Reenskaug ya bayyana tsarin MVC, wanda ke raba bayanai da nuninsu da karɓar umarnin mai amfani, a wurin bincike na Xerox PARC.

Daga nan a sa bayanai su bi hanya ɗaya. Idan mutum ya danna maɓallin gogewa a jerin ayyukansa, kada fuska ta cire layin da kanta. Ta aika saƙo cewa ana son goge aiki mai lamba 7, cibiya ta duba ko hakan ya halatta, ta goge, sannan ta maido da sabon jeri. Duk lokacin da aka bar ɓangarorin biyu kowanne yana riƙe da nasa lissafin, sai a wayi gari saman allo yana cewa saura aiki 3, alhali 2 ne a jere, kuma gano inda saɓanin ya faro yana cin lokaci ƙwarai. Wannan matsala ce ta sa Facebook ya fito da Flux, wato tsarin da ke sa bayanai su bi hanya ɗaya, a 2014, Redux mai bin irin wannan tsari kuma ya biyo baya a 2015.

A rubuta siffar kowane saƙo tun da wuri, kuma amsa ta iya ɗaukar hali uku: ana jira, an yi nasara, ko an samu cikas. Na ukun ne aka fi mantawa. Kwanan wata da adadi su fito daga cibiya tsurarsu, fuska ce za ta yi musu ado gwargwadon harshen mai karatu.

Aiki mai nauyi, kamar ɗauko bayanai daga intanet, bai kamata ya hau layin aikin da ke zana allo ba (wato jerin umarnin da na'ura ke bi ɗaya bayan ɗaya don sabunta allo), domin allon da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa yana ba da kusan milisakan 16 kacal (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa) ga kowane zane, Android kuma yana nuna gargaɗi idan manhaja ta yi daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓawa ba.

A ƙarshe a jarraba cibiya ita kaɗai ba tare da buɗe allo ba, a tura mata saƙonni, a duba amsoshin. Idan jarrabawar ta gagara sai an kunna fuska, to akwai ƙa'idar da ta maƙale a can, sai a kwaso ta zuwa cibiya.