Kurakuran da ɗan aji ɗaya ke yi a zangon farko na makarantar kwana

Kuskuren farko tun daga gida ake yin sa: a cika wa yaro akwati da kayan kwalama, a manta da gidan sauro. Zangon farko yakan fara a watan Satumba, ƙarshen damina, daidai lokacin da sauro ke tashe a garuruwan fadama irin su Argungu, Birnin Kebbi da Yawuri. Sabon gidan sauro mai magani a shanya shi a inuwa kwana ɗaya, don kada ya sa ƙaiƙayin fuska. A haɗa wa yaro da igiya, a nuna masa yadda ake cusa bakin gidan sauron ƙarƙashin katifa. In zazzaɓi ya zo, asibitin makaranta zai nufa a yi gwaji. Da yawa sai su karɓi farasitamol wurin aboki su lulluɓa, jiki ya yi sanyi na 'yan awoyi, cutar kuwa tana nan tana cin su.

Guzuri ma haka. Yaro ya ga gabza, wato tuwon makaranta, ya yatsina fuska, ya koma kan garin kwaki da ƙuli-ƙuli, mako biyu ya gama da su. Ya riƙa zuwa ɗakin cin abinci sau uku, guzuri ya zama na toshe kafa. A zuba masa a roba mai murfi, domin leda ba ta tsare ɓera da kiyashi. Kwaɗon akwati ya zama mai makulli biyu, ɗaya a wuyansa, ɗaya a hannun malamin ɗakin kwana. A rubuta sunansa a bokiti da fenti, a yunifom da zare. Na biro wanki uku ya goge.

A aji kuma, darussa sun kai goma, kowanne da malaminsa. Mai haɗa su a littafi ɗaya zai sha wuya ranar duba rubutu. Kowane darasi da littafinsa, abin da ya kuɓuce a kwafe shi a zaman karatun dare, ran nan. Kada a raina gwaji da aikin gida: a makarantu da yawa suna ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100.

Wanda ya fi ciwo shi ne shiru. Shara da ɗebo ruwa aikin kowane ƙarami ne, amma duka da ƙwace kuɗi zalunci ne, kuma sai an faɗa wa malami ake maganinsa. Iyaye, ranar ziyara kada ku tsaya a “lafiya lau, Baba”. Ku buɗe akwatin, ku duba bayansa da tsakanin yatsunsa ko akwai ƙazuwa, ku tambaye shi wa ke riƙe da kuɗinsa.