Yadda Za Ka Ƙwato Adireshin Intanet Daga Hannun 'Yan Babakere

Idan wani ya riga ka yin rajistar adireshin intanet da sunan kasuwancinka, yana jira ka saya da tsada, kada ka yi saurin tayawa. Fara ɗaukar hoton shafin da kwanan wata: tallace-tallacen da ya jera, rubutun "na sayarwa ne", da duk saƙon da ya ambaci kuɗi.

Sai ka shigar da ƙara ƙarƙashin tsarin UDRP na warware rikici kan adireshin intanet, wanda ICANN, hukumar da ke kula da sunayen adireshin intanet, ta amince da shi a 1999. Cibiyar WIPO (hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya) da ke Janiba tana sauraron irin wannan ƙara, kuma tana karɓar dala 1,500 idan alƙali ɗaya ne. Abu uku za ka tabbatar: sunan ya yi kama da tambarin kasuwancinka har ya rikita mutane, mutumin ba shi da haƙƙi a kansa, sannan da mugun nufi ya yi rajistar kuma yake amfani da sunan.

Na ukun nan ne ke kayar da masu ƙara. Idan rajistarsa ta girmi tambarinka, da wuya ka yi nasara, don haka duba ranar rajistar a WHOIS, wato rumbun bayanan rajistar adireshin intanet, tun kafin ka biya ko sisi.

Ana ba wanda ka yi ƙara kwana 20 ya kare kansa. In ka yi nasara, adireshin kawai za a miƙa maka, babu diyya.