Yadda ake zaɓar bireka daidai da farantin sola

Ka fara da takardar da ke manne a bayan farantin, ka nemo lambar Isc, wato amfiyar (A) da farantin ke bayarwa idan aka haɗe wayoyinsa biyu kai tsaye. Ita za ka ninka da 1.56, domin rana mai ƙarfi kan sa farantin ya zarce abin da aka rubuta, kuma wutar takan ɗauki awanni tana gudana ba tsayawa. Isc 11A zai ba ka 17.2A, sai ka ɗauki bireka 20A, muddin bai haura iyakar girman fis (fuse) da aka rubuta a takardar ba.

A farantan da aka jona a layi ɗaya, tabbataccen wannan (+) da korau na wancan (-), bolt ne ke ƙaruwa, amfiya na nan yadda take. Layi biyu a gefe da gefe kuwa, amfiya ta ninku.

Tsakanin kwanturola (na'urar da ke daidaita cajin batir) da batir, ninkawa da 1.25 ya isa: kwanturola mai 60A za ta ba ka 75A, sai ka ɗauki bireka 80A.

Kada a sa birekan AC (na wutar gida) a nan, sai na DC, irin wutar sola da batir. Tartsatsin DC ba ya mutuwa da kansa, sai ya ƙone cikin birekan. Ka duba bolt ɗin birekan DC ɗin ya fi jimillar Voc ta farantan, wato bolt ɗinsu idan ba a jona musu komai ba, wadda ke hawa lokacin sanyi. Wayar ma dole ta fi birekan ɗaukar wuta, in ba haka ba ita za ta narke kafin ya faɗi.