Darasi na 7: Zuwa Likita da Lafiyayyen Yaro

A Damagaram, idan aka ga mace ta goya yaro ta nufi likita, abin da ake fara tambaya shi ne, "Me ya same shi?" In ta ce lafiyarsa lau, sai a yi mata kallon wadda ta rasa aikin yi. Wannan darasi yana goyon bayan matar nan. Aiki mai yawa da majo, wato babban ma'aikacin jinya, da ma'aikatansa ke yi a cibiyar lafiya ta unguwa, wadda muke kira CSI, da masu lafiya ake yin sa: allurar rigakafi, awon ciki, awon yara, rabon maganin damina. Kowane ɗaya yana da ranarsa, ranar kuwa a rubuce take cikin karne, wato ɗan littafin lafiya da ake bayarwa a likita. Ma'aikaciyar jinya tana iya rubuta rana, amma ba ta iya tuna wa kowane gida. Wannan aikin mutanen gida ne, kuma ga shi yanzu kun fara karatu.

Karatu

Ku karanta wannan hira tsakanin wata kaka da malama ma'aikaciyar jinya da ƙarfi, mutum biyu-biyu.

Kaka: Sannu da aiki, ɗiyata.

Malama: Yawwa Inna, sannu da zuwa. Ina uwar yaron?

Kaka: Ta tafi neman ruwa tun asuba, famfo bai kawo ba. An dai ce in kawo shi, na kawo. Amma yaro yana shan nono, yana dariya, don me za a soka masa allura ya kwana yana kuka?

Malama: Gaskiyarki Inna, zai yi kuka. Jikinsa ma yana iya yin zafi yau da gobe. Amma in tambaye ki, yaushe ake yaɓen soro, kafin ruwa ko yana cikin zuba?

Kaka: Kafin ruwa mana.

Malama: To, yaɓe muke yi yau. Ba ni karnensa.

Kaka: Ga shi cikin leda. Ki faɗa mini ranar dawowa da baki, idona bai san boko ba.

Malama: Litinin huɗu nan gaba. Zan rubuta, uwarsa ta karanta miki.

Abin da ke cikin karne

Ku buɗe karnen yaro ku nemi waɗannan haruffa: BCG. Allurar farko ke nan, ana yin ta a hannu da zarar an haifi yaro, tana kare shi daga mummunan tarin fuka. Wurin yakan yi ɗan ƙurji, ya fashe, ya bar tabo. Kada a shafa masa toka ko man shanu ko wani magani, da kansa yake warkewa. A ranar kuma ake ɗiga masa maganin shan inna a baki.

Sai ku nemi kalmar Penta. Allura ɗaya ce mai tare cuta biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, ciwon sandarewar jiki da ke shiga ta rauni ko ta cibiya, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo ciwon huhu da sanƙarau ga jarirai. Sau 3 ake yin ta: yaro yana da sati 6, sati 10, da sati 14. A waɗannan ranaku ake haɗa masa da ɗigon shan inna, da rigakafin ciwon huhu, da na zawo. Sati 6 ba shi da wuyar tunawa, kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan mai jego ta yi arba'in.

Daga nan sai a sami dogon hutu, kuma a wannan hutu ne yara da yawa ke ɓacewa daga littafin majo. Yaro ya yi ƙiba, ya fara rarrafe, an manta da likita. Alhali a wata 9 ne ake yi masa allurar ƙyanda, wadda wasu ke ce wa dusa, da ta shawara, da ta sanƙarau. Ta ƙyanda ma biyu ce, ana ƙara ta biyun bayan yaro ya wuce shekara, a ranar da aka rubuta masa.

Kada wani ya ce cututtukan nan labarin da ne. Daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, an ƙidaya mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu. A 2023 kuma mashaƙo ya ɓulla, ya fi tsanani a yankin Matamai. Mashaƙo yana cikin biyar ɗin da Penta ke tarewa.

Yadda ake karanta rana

A karne, lamba uku ake rubutawa a jere: rana, wata, shekara. Idan kun ga 03/02/2025, ku karanta: ran 3 ga wata na 2, shekarar 2025. Wata na 2 shi ne Fabrairu. Yaron da aka haifa a wannan rana, Litinin aka haife shi. Sati 6 ɗinsa zai cika 17/03/2025, sati 10 ya cika 14/04/2025, sati 14 kuma 12/05/2025. Duka ukun Litinin ne, domin lissafin sati kullum a kan ranar haihuwa yake faɗowa. Sai dai kowace cibiya tana da ranakun da take yin allura, don haka ranar da malama ta rubuta ita ce abin bi.

To in ranar ta wuce fa? An yi biki, ko rasuwa, ko aikin gona ya riƙe mutum a ƙauye. A je kawai. Ba a sake allura daga farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba. Mata da yawa ba mantuwa ke hana su komawa ba, tsoron faɗa ne. Gaskiya kuwa akwai ma'aikatan da harshensu ke da kaifi, kuma ba daidai suke yi ba, domin uwar da aka kunyata gaban jama'a da wuya ta sake dawowa. Amma ke uwa, ki daure ki shanye faɗan, ki karɓar wa ɗanki allurarsa.

Karne kuwa a sa shi cikin leda, a ajiye inda ruwa da gara ba sa kaiwa. In za a yi tafiya, ko Magariya ce ko Tanut, a tafi da shi. Kowane majo yana iya karanta abin da ɗan uwansa ya rubuta.

Maganin damina

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan aka fi yin kuskure. Da ruwa ya zauna, tafkuna da kududdufai suka cika, sauro ya yi yawa, sai masassara ta shiga yara. Tun 2013 aka fara raba wa ƙananan yara a Nijar maganin kariya daga masassarar cizon sauro. Masu rabo suna bi gida-gida sau ɗaya a wata, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba. Yaran da ake ba su ne masu wata 3 zuwa wata 59, wato waɗanda ba su cika shekara 5 ba.

Maganin na kwana 3 ne. Ranar farko ƙwaya biyu, a gaban mai rabo yaro ke sha. Sauran ƙwaya biyu a hannun uwa ake bari: ɗaya gobe, ɗaya jibi. Ma'aikaci ya wuce gida na gaba, ba mai ganin abin da zai faru da ƙwayoyin nan biyu sai Allah sai uwa.

Abin da kan faru shi ne, wata ta ƙulle su a bakin zane ta ce sai ranar da jikinsa ya yi zafi. Wata ta dubi wansa mai shekara 7 da ba a ba komai ba, tausayi ya kama ta, ta raba musu. Wata kuma yaron ya tofar don ɗaci, ta ce ya isa. Duk ukun sun bar yaro da guntuwar kariya. Kwana ukun nan ne, in sun cika, ke riƙe shi har kusan wata guda, zuwa lokacin da masu rabo za su sake zagayowa. Ƙwayar da aka ɓoye kuma ba za ta warkar da masassarar da ta riga ta kama yaro ba. Wannan sai an gwada jini a yatsa, a ba shi maganin da ya dace.

A narka ƙwayar cikin ɗan ruwa mai tsabta a cokali, a ba shi a hankali, ba ɗure ba. In ya amayar kafin rabin awa, a gaya wa mai rabo. In ranar rabo ta tarar da yaro cikin zazzaɓi, ba a ba shi, likita ake tura shi. Sannan shan magani bai ɗauke kwana cikin sange ba. A tura gefensa ƙarƙashin tabarma ko katifa kowane dare, ko a tsakar gida aka kwana saboda zafi. Sangen da aka kewaye shukar lambu da shi, ko aka ɗaure kaya, ba ya kare kowa.

Igiyar awon hannu

Damina ita ce kuma lokacin da rumbu ke yin ƙasa, ga zawo, ga masassara, sai tamowa ta biyo baya. Akwai igiya mai launi uku da ake auna damtsen yaro da ita, daga wata 6 zuwa wata 59. A yankin Mirya aka gwada koya wa iyaye mata yin awon da kansu, aka ga sun iya, ba sai an jira ma'aikaci ba.

A saki hannun hagun yaro ya sauka. A nemi tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a zagaya igiyar, kada a matse, kada a bar ta sako-sako. Kore, lafiya. Rawaya, yaro ya fara ramewa, a kai shi cikin kwanakin nan. Ja, wato ƙasa da milimita 115, yau za a kai shi. A kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga 1, 2, 3, a ɗaga. In rami ya zauna a duka biyun, kumburi ne, ba ƙiba ba, shi ma yau.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, ko a zafin watan Afrilu. Ruwan da yake bukata yana cikin nonon. Uwa ce za ta yawaita shan ruwa. Dakashi kuma, nonon farko mai kauri, kada a matse shi a zubar, shi ne kariyar farko da yaro ke samu. In zawo ya kama yaro, a zuba ledar gishirin zawo ɗaya cikin ruwa mai tsabta lita 1, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. Ƙwayar zinc da ake haɗawa da shi a cika mata kwanakinta, 10 zuwa 14, ko zawon ya tsaya.

Maigida

Ku maza da ke cikin ajin nan, kada ku ce darasin mata ne. Sau da yawa mace ta san ranar, izini ne ko kuɗin kabu-kabu ya tsaya. A jihar nan tamu aka fara makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a likita, har wasu ƙasashe suka ɗauka. Tun 2006 kuma dokar ƙasa ta ce awon ciki da kula da yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Wani lokaci magani kan yanke, a rubuta wa mutum takarda ya je ya saya, wannan kowa ya sani. Allurar rigakafi dai ba a biya.

Mai ciki ta fara awo da wuri, kada ta jira ciki ya fito. A can ake ba ta ƙwayar ƙarin jini, da allurar da ke kare ta da jaririn daga ciwon sandarewa, da maganin kariya daga masassara, wanda ake farawa bayan wata 3 na farko, a sha aƙalla sau 3, wata guda tsakani.

Akwai lokacin da ba a duba karne, ba a jiran rana. Yaro ya ƙi nono ko ya kasa sha, yana amayar da komai, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, numfashinsa yana sauri ko ƙirjinsa yana faɗawa ciki, ko wuyansa ya sandare. Ko tsakar dare ne, a ɗauke shi. Kada a tsaya wajen mai tallar magani a tire.

Aiki

1. Karanta waɗannan da baki, ka faɗi sunan watan: 09/07/2025, 21/10/2025, 30/01/2026.

2. An haifi yarinya ran Alhamis. Wace rana ce sati 10 ɗinta zai cika?

3. An ba yaro maganin damina ran Asabar a gaban mai rabo. Rubuta ranakun da uwa za ta ba shi sauran.

4. Kwafi wannan jimla cikin littafinka: Na duba karne, na ga ranar dawowa.

5. Kowa ya zo aji na gaba da karnen yaro ɗaya, nasa ko na maƙwabta, bayan ya nemi izinin iyayen. Za mu nemi allura ta ƙarshe da aka yi masa, mu ga wadda ta rage. Wanda muka tarar ranarsa ta wuce, mu rubuta sunan cibiyar da ta fi kusa da gidansu da ranar da take yin allura.