Bulon ƙasa na inji: inda masu gini a Damagaram suka fi yin kuskure

Tun da tsohon masallacin Birni ya rushe a daminar 2024, mutane da dama a Damagaram suka ƙara tsorata da ginin ƙasa. Sai ga bulon ƙasa na inji, wanda injiniyoyi ke kira BTC, ana ta yabonsa: ƙasa ce ake gaurayawa da ɗan siminti, a matse ta a inji, ta fito da kusurwa huɗu kamar an yanka da wuƙa. Yabon ba ƙarya ba ne. Da shi Mariam Issoufou, ƴar Nijar mai zanen gine-gine, da abokan aikinta suka gina gidajen Niamey 2000, da shi kuma aka yi masallacin Dandaji a jihar Tahoua. Ɗakinsa ya fi na bulon siminti sanyi a bazara. Sai dai inji matsewa kawai ya iya, abin da ka zuba masa shi zai ba ka.

Kuskuren farko a wurin ɗibar ƙasa yake. Mutum ya ga fili, ya sa lebura su kwashe ta sama, mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye da kashin awaki. Wannan ta gona ce, siminti ba ya kama ta da kyau. A kankare ta a ajiye gefe, a haƙa ta ƙarƙashi. Wasu kuma sun saba da tubali, sai su nemo yumɓu mai danƙo, alhali bulon inji ya fi son ƙasa mai yashi da yawa, yumɓun kaɗan ne, daidai abin da zai riƙe ta. In ya yi yawa, bulo zai tsattsage yana bushewa. Gwajin ba ya cin ko dala: zuba ƙasa a kwalba ta kai kusan rabi, cika da ruwa, girgiza sosai, ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, yumɓu a sama, ka ga yawan kowanne da idonka. In yumɓu ya rinjaya, ƙara yashi. Kuma a tace da rariya, don curi ɗaya da bai fashe ba rami ne a cikin bulo.

Sai batun siminti. Abin da aka saba shi ne kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin busasshiyar ƙasa, wato buhu ɗaya mai kilo 50 ga ƙasa kilo 625 zuwa 1000. Aunawa da ido ita ke kashe aikin. A tsayar da bokiti ɗaya ko baro ɗaya a matsayin ma'auni, a gauraya a bushe har launin ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa. Kada a kwaɓa tuli da safe a ce za a yi ta aiki da shi har azahar. Siminti ya fara kamawa tun kafin ya shiga inji. Abin da za a cinye cikin awa ɗaya shi ake kwaɓawa.

Ruwan kwaɓi ma hannun da ya saba da laka yakan zarce. Dunƙula ƙasar a hannu, saki curin daga tsayin ƙugu. In ya fashe gida huɗu ko biyar, daidai ne. In ya baje kamar gari, ruwa ya yi kaɗan. In ya lotse bai fashe ba, ya yi yawa.

Amma kuskuren da ya fi cin kuɗin jama'a shi ne shanya bulo a rana. Na gani a wurin ginin wani ɗan'uwana: an jera bulo ya yi dubu a fili, iskar hunturu na kaɗawa. Na tambayi maginin, wani dattijo da ya tsufa a sana'ar, ya ce, "Yaro, bulo ai rana ke gasa shi." A tubali gaskiyarsa, ban kuma yi masa musu a gaban yaransa ba. Bayan sati biyu sai ga gefen bulon yana marmashewa da farce. Siminti ruwa yake sha kafin ya yi ƙarfi, in rana ta zuƙe ruwan tun ranar farko, ka yi asarar buhunanka. Ana tara bulon ne a inuwa, a lulluɓe da leda ko tamfol, ya yi aƙalla mako ɗaya cikin laima, sannan a buɗe ya bushe a hankali. Sai ya cika kwana 28 yake kai ƙarfinsa. Na san abin da mai gini zai ce: ruwa a garin nan wa ya ba ka? Jarkar ƴan garuwa ba kyauta ba ce. To dalilin ledar ke nan, tana hana ruwan da ke cikin bulon guduwa, yayyafi kaɗan ya isa. Kafin a fara ɗora shi, a jiƙa guda biyu ko uku a bokiti su kwana. Wanda ya narke, ƴan'uwansa ma haka suke.

Ko bulon ya yi kyau, bai kamata ya taɓa ƙasa ba. Dutse dai ba a rasa shi a Damagaram: a tayar da harsashi da dutse ko kankare ya haura inda ruwan damina ke kwanciya, sannan a fara jera bulo. Daga sama kuma rufi ya ɗan fito ya kare bango, indararo ya yi tsawon da zai watsa ruwa nesa da gindin gini.

Akwai masu gama bango su shafe shi da filasta mai ƙarfin siminti, wai don ya yi ƙarko. Ruwa ya samu tsaga ya shiga bayanta, ya rasa hanyar fita, wata rana filastar ta ɓalle gaba ɗaya da fatar bangon a jikinta. Magina a zamanin da, makuba suke shafawa, ta kwanson ɗorawa, ita kuwa tana barin bango ya sha iska. In dole sai an shafe, a yi kwaɓi mai sauƙin siminti, a fara da ɓangaren gabas, inda hadari ya fi dukan bango.