Tsohon Dokin Tsere a Gida: Kurakuran da Ke Ɓata Shi Tun Bai Saba da Kai Ba

Tsohon filin sukuwa na tsakiyar Accra ya daɗe da tashi, na Kumasi da ke Bantama ya koma kasuwa da tashar mota, amma dawaki ba su ƙare a zangonninmu ba. Da azumi ya yi nisa ko layya ta ƙarato, sai ka ji wani a Nima ko Mamobi ko Madina ya sayo doki, sau da yawa tsohon ɗan tsere wanda gudunsa ya ja baya, mai shi ya sallama shi da sauƙi. Bayan wata biyu labarin ɗaya ne: ko ya rame, ko ya koma cizo da harbi, ko an sayar da shi ya ƙare a bakin tekun La yana ɗaukar 'yan shan iska. Mai gida kuwa ya ce mugun doki ne, ko an yi masa baki. Ba baki ba ne. Yawancin dawakin da ake kira mugaye ciwo ke cin su, ko abinci ya haukata su, ko an yi musu gaggawa.

Tun wajen saye ake fara tafka kuskure. Mutum ya duba launi, ya ga kili ne ko danda, ya ga tsayi, ya biya. Ba a ajiye dokin tsere haka kawai, don haka ƙafa za ka fara dubawa. A ja shi da ragama a kan ƙasa mai tauri, tafiya sannan sassarfa, kana kallon kansa: in yana ɗaga kai duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taka ƙasa, wannan ƙafar ce ke ciwo. Shafa jijiyar da ke bayan ƙwauri daga gwiwa zuwa ƙasa, ka gwada ta dama da ta hagu. Kumburi ko ɗumi a guda ɗaya alamar tsohon rauni ne. Maganin kashe zafi yana ɓoye ɗingishi, shi ya sa ba na yarda da gani ɗaya. Ka sake komawa bayan kwana 3 ko 4 ba tare da ka sanar ba. Kafin ka tafi da shi kuma, ka tambayi ɗan bargar da ke kula da shi abin da yake ci da lokacin da yake ci, ka sayi buhu ɗaya na wannan abincin.

To, ga babban kuskuren, wanda ya fi kowane kashe dawaki a gidajenmu: cika shi da hatsi a hana shi ciyawa. Mutum yana ganin gata ne ya juye masa olonka biyu (gwangwanin awonmu na kasuwa) na masara ko dawa da safe, ya ƙara da dusa, sannan ya jefa masa ɗan ƙunshin ciyawa kamar na akuya. Wannan ba gata ba ne. Tumbin doki ƙarami ne, bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma yana zubo ruwa mai tsami dare da rana, ko akwai abinci ko babu. An halicce shi ne ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, yawun da yake haɗiya yana kashe tsamin. Dokin tsere kuwa ya shekara da shekaru a kan hatsi mai yawa da gudu, shi ya sa mafi yawansu ke barin fage da gyambon ciki. Alamunsa su ne dai abin da mutane ke kira mugun hali: ya kwantar da kunne in an taɓa cikinsa, ya juyo da cizo in ana ɗaura majayi, ya ci hatsi rabi ya bari, gashinsa ya dushe. Kai kuma ka ɗauko bulala.

Lissafin ba wuya. Doki yana bukatar busasshiyar ciyawa ko harawa da ta kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa kullum. Mai kilo 400 ke nan kilo 6 zuwa 8. In ɗanyar ciyawa ce, ninka wannan sau uku ko huɗu, don yawancinta ruwa ne. Sayi ƙaramin sikeli na rataye ka auna, ido yana ƙarya. A raba ta yadda ba zai yi awa 4 zuwa 5 gabansa wayam ba, har da dare. Harawar wake da ta gyaɗa da ake kawowa daga arewa suna da kyau ƙwarai, ni nakan haɗa su da ciyawa rabi da rabi. Hatsi kuwa a riƙa rage shi a hankali cikin kwana 10 zuwa 14, kada a yanke rana ɗaya, kada kuma a sauya masa iri rana ɗaya. Dokin da ba ya aiki, kilo 1 zuwa 2 na hatsi a yini ya ishe shi, a raba shi ci biyu ko uku, kuma ciyawa ta riga shiga ciki. In hatsi ya yi yawa a ci ɗaya, yakan wuce hanjin baya bai narke ba, ya yi tsami a can, sai ciwon ciki ko kumburin cikin kofato ya biyo. Doki ba ya amai. Abin da ya shiga, in bai wuce ba, shi ne ajalinsa.

Dusar alkama tana da araha a nan, shi ya sa wasu suka mai da ita abinci gaba ɗaya. Sinadarin fosfaros ya yi mata yawa, kalsiyam ya yi kaɗan, in aka daɗe a kanta ƙashi yakan yi laushi, fuskar doki ta kumbura. A ba shi kaɗan, a jiƙe, tare da harawa. Gishiri ya zauna a gabansa kullum. Ruwa kuma ba sau biyu a yini ba: lita 25 zuwa 40 yake sha, a zafin Fabrairu da Maris ya fi haka, don haka bokiti ya kasance cike ko da yaushe.

Akwai abubuwan da ke tsakar gidajenmu da ke kashe doki ba tare da kowa ya zarge su ba. Abincin kaji na buhu sau da yawa yana ɗauke da maganin da kaza ke ci lafiya amma yake lalata zuciyar doki; kulle shi nesa. Masarar da ta yi fumfuna a damina tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, in ka sansana ka ji warin ruma zubar da ita, kada ka ce asara. Bawon rogo ɗanye da ake zuba wa tumaki ba nasa ba ne. Ledar ruwa da igiyar buhu suna toshe hanji. In kana zuba masa abinci a kan yashi, yashin na taruwa a cikinsa sannu a hankali. Sa masa kwami ko rabin durom da aka goge bakinsa.

Sai maganar yarda, wadda mutane ke tsammanin da rake da sukari ake sayenta. Ranar da doki ya iso, unguwa gaba ɗaya ta cika gidan, yara na ihu, samari na ɗaukar hoto, kowa na son ya shafa. Wannan dabba ta fito ne daga barga inda komai ke da lokacinsa, kuma tana jin haniniyar 'yan'uwanta. Yanzu ga ta ita kaɗai, ga ƙarar janareta, ga babur, ga lasifika. Rufe ƙofa. Mako biyu zuwa uku na farko, mutum ɗaya ko biyu kaɗai su riƙa zuwa wurinsa, a lokaci guda kullum: bayan asuba, da hantsi, bayan la'asar, bayan isha. Wannan keɓewa tana kuma kare sauran dawaki in ya zo da cuta. Abin da ke kwantar masa da hankali shi ne ya san abin da zai faru gaba.

Doki ba ya ganin abin da ke daidai gaban goshinsa ko daidai bayansa. Ka zo masa ta kafaɗa, kana magana ƙasa-ƙasa, ka tsaya ka bar shi ya sansana ka. In ya kau da kai ko ya ja baya, kai ma ja baya taku ɗaya ka jira. Kada ka bi shi lungu. In ya sauke kai, ya saki leɓe, yana ɗan tauna, ka sosa masa gindin wuya inda geza ta ƙare, wurin da dawaki ke sosa wa juna. Bar fuska da kunne sai daga baya. Minti 15 sau biyu a yini da buroshi ya fi yini guda na dagula shi. Abinci a kwami, ba a tafin hannu ba, in ba haka ba ka koya masa cizo da kanka. Hukunci kuma in bai zo a daidai lokacin laifin ba, doki bai san dalilinsa ba. Wanda ya je ya nemo sanda ya dawo ya jibge shi, abin da ya koya masa kawai shi ne mutum abin tsoro ne.

Kada ka kafe shi a turke da gajeriyar igiya dare da rana, da dabaibayi. Dokin da ya saba motsa jini kullum, in aka kafe shi ƙafafu su kumbura, ciki ya tsaya, ya fara cin katako ko rangaji. In babu fili, a ja shi da hannu minti 30 zuwa 40 safe da yamma, ta hanyar da babu cunkoso. Ɗakinsa ya kai mita 3.5 kowane gefe, iska na ratsawa, kwano kada ya yi ƙasa-ƙasa. In babu wani doki, ko tunkiya ce a ajiye kusa da shi.

Wani kuskuren mai tsada shi ne na samari, kuma iyayen gidansu ke ɗaure musu gindi. An sayo doki saura kwana goma Sallah, dole sai an hau shi a tawagar Sarkin Zango. Haba jama'a! Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokin da duk rayuwarsa taron jama'a da hayaniya ke nufin a tashi a guje, shi za ka shigar cikin ganguna da algaita da hon ɗin mota a kan kwalta? An ga yadda ake ƙarewa: doki ya yi tabarya, ya zame, mahayi a asibiti, shi kuma gwiwa a fashe. Dokin da ya baro fage yana bukatar hutun wata 1 zuwa 3 ba sirdi, jikinsa ya huce, cikinsa ya daidaita. In Sallar bana ta wuce, ta baɗi na nan.

Kuma ku san abin da aka koya masa. A fagen tsere doki yana jingina bakinsa ne a kan linzami yana gudu, don haka in ka ja da hannu biyu ka riƙe, ka ce masa ne ya ƙara wuta. Mahayin da bai san wannan ba sai ya ce dokin ba ya jin linzami, ya je ya ɗauko namu na gargajiya mai zobe da harshen ƙarfe, ya zuba a bakin da ya saba da sassauƙan linzami mai gaɓa. Rana ɗaya ta isa ya yanka masa dasashi da harshe, daga nan ba zai sake yarda a kusanci kansa da sauƙi ba. Gyaran daga ƙasa ake fara shi. Kana jan sa da ragama, ka faɗi kalma ɗaya ta tsayawa, ka ɗan ja, da ya tsaya ka saki nan take. Sakin nan shi ne ladansa, shi ne kuma darasin. In ya iya a ƙasa, a maimaita a kansa cikin fili mai shinge, tafiya zalla mako biyu, ja ka saki, ja ka saki. In ya ɗauki gudu, juya shi da gefe ɗaya na linzami ya yi babban da'ira har ya lafa. Ajiye kaimi. Kada ka yi kilisa kafaɗa da kafaɗa da wani doki tukuna, don a wurinsa tsere aka fara.

Ba a koya masa tsayawa a hau shi ba ma, domin yana tafe ake cilla mahayi bayansa. Sa wani ya riƙe, ka taka wani abu mai tudu, ka sa ƙafa a likkafa ka cire, har sai ya daina motsi. Sirdinmu na katako ya ninka na tsere nauyi sau da yawa, ƙashin da ke tsakanin kafaɗun irin waɗannan dawaki kuma yakan yi tsini. In yatsu uku ba su shiga tsakanin ƙashin da gaban sirdi ba, zai yi masa miki komai kaurin zubka. Majayi a ɗaure shi kaɗan-kaɗan, ba fizga ɗaya ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna tara asara. Kofato a sassaƙe shi duk mako 6 zuwa 8, a ƙwaƙule shi kullum, musamman a ruwan Mayu da Yuni lokacin da laka ke ruɓar da tsakiyarsa ya yi baƙi yana wari. Kada a fesa masa maganin kaskar shanu mai sinadarin amitraz, guba ne ga doki. Allurar sammore ta shanu ma ba a yi masa ita da ka, sai likitan dabbobi. A yi masa rigakafin tetanus, cutar da ke shiga ta rauni ta sandarar da jiki, don ƙusa da yankan kwano sun yi yawa a lungunanmu, kuma doki ba ya jure wannan cuta. Haƙori a duba shi sau ɗaya a shekara. In yana zubar da dunƙulen ciyawa daga baki, gefen turamen haƙoransa ya yi kaifi. In ingarma ne kuma ba kiwo za ka yi ba, yi shawara da likita kan fiɗiya, amma ka sani halin ba ya sauka sai bayan makonni. Dokin da ke haki cikin zafi jikinsa kuma a bushe ba gumi, kai shi inuwa ka yi ta kwara masa ruwa, ka kira likita.

Sayi ma'aunin zafi ka ajiye a barga. Lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciyarsa 28 zuwa 44 a minti in yana hutawa, numfashi 8 zuwa 16. Auna shi kowace safiya a makon farko ka rubuta, don ka san nasa na kullum. Ranar da ya ƙi abinci, yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa ko yana son birgima, kwashe abincin gabansa, ka ja shi yana tafiya a hankali, ka buga wa likita waya ka faɗa masa lambobin nan uku. Kada kowa ya ɗura masa manja ko jiƙo ta baki da kwalba, yakan bi ta huhu.