Rahoton shekara kan kula da kogi: inda ake yawan kuskure da yadda za a gyara

Duk ƙarshen shekara, hukumomin da ke kula da koguna da ƙasar da ke zuba musu ruwa kan fitar da rahoton abin da suka cimma. Mu ɗauki kogin Haɗejiya da na Jama'are, waɗanda ke haɗuwa a fadamun Haɗejiya da Nguru su zama kogin Yobe, ya wuce Gashuwa da Gaidam, ya bi iyakar Nijar ta wajen Diffa har Tafkin Chadi. Masu hannu a wannan ruwa suna da yawa: Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, da ma'aikatun muhalli na jihohi, ga kuma ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasa da ruwa a arewacin Najeriya, da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a 2021. Ko wane ne ya rubuta rahoton, yawancin kurakuran tushensu ɗaya: a lissafa aikin da aka yi, a manta da auna abin da ya canza a ruwa da ƙasa.

Wanda ya fi yawa shi ne na dashen itatuwa. A rubuta yawan tsiron da aka raba a watan Yuli, a sa hoton manya riƙe da shebur, shi ke nan. To amma tsiro ba ya riƙe ƙasa sai ya tsallake rani da bakin awaki. Gyaran ba wuya: kowane rahoto ya koma kan dashen bara da na bara waccan, a je a ƙirga waɗanda suka rayu a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ya kai maƙura. A kuma sa itatuwan da suka tofo da kansu manomi ya raine su cikin lissafi. Da irin wannan reno, wato sassaben zamani, manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, akasari da gawo da 'yan'uwansa, ba tare da jiran tsiron gwamnati ba.

Sai batun kachala, doguwar ciyawar nan mai tsirowa cikin ruwa, kuma a nan ne kuɗi ya fi nutsewa. Rahoto zai ce an yashe kilomita kaza na hanyar ruwa, an shigo da injin yankan ciyawa. Aiki ne mai kyau, masunta da manoman shinkafa kan ga amfaninsa nan take. Sai dai kachala ba haka kawai ta mamaye wurin ba. Kafin a kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992, kogin Haɗejiya kan cika da damina ya malale fadama, da rani kuma ya janye, ƙasa ta bushe. Da aka koma sakin ruwa duk shekara domin noman rani da ruwan sha, sai wasu wurare suka daina bushewa, kachala kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe tsofaffin hanyoyi, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata ta mashigar Marma zuwa Nguru yana cin gonaki, mutanen ƙasan kogi kuma suna kukan ƙarancinsa. Cikinta kuma jan baki ke kwana, da safe ya faɗa wa shinkafa da gero. Don haka yanka kaɗai ba ya raba gardama. Rahoton kirki zai nuna jadawalin sakin ruwa daga madatsun biyu wata bayan wata, ya faɗi ko an bar fadama ta sami lokacin bushewa, sannan ya koma wurin da aka share bara ya faɗi gaskiyar yadda yake bana.

Wani kuskuren shi ne tsayar da lissafi a iyakar jiha. Ruwan da ya wadata gonakin Kadawa a Kano shi ne bai kai Gashuwa ba. Jihohi shida ne ke kan wannan ruwa, Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, kuma tun 2006 suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa saboda wannan dalili. Duk nasarar da aka rubuta a sama, a ajiye awon ruwan da ya isa ƙasa kusa da ita. Hakan kuwa na buƙatar sandunan awo a gadoji, da mutum mai albashi da zai riƙa karanta su kullum. Abin mamaki, wannan ne aiki mafi araha, shi ne kuma ake fara yankewa idan kasafi ya matse.

A kiyayi kuma ɗaukar yabon damina. Idan Allah ya ba da ruwa, ko'ina zai yi kore, rijiyoyi su ciko, ko an yi aiki ko ba a yi ba. A riƙa rubuta yawan ruwan sama na shekarar, a kwatanta da shekaru biyar ko goma na baya, kada a tsaya kan bara kaɗai. Shekara irin 2022, da ambaliya ta yi ɓarna a Jigawa, ba a gwada ta da shekarar fari a ce an ci gaba ko an ci baya.

Lafiyar madatsun kansu ma ba a cika ba ta wuri ba. Yashi da lakar da zaizayar ƙasa ke kwasowa daga gonaki da kwazazzabai suna rage cikin madatsa a hankali, ido ba ya gani. Bayan abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, bai kamata wani rahoto ya fita ba tare da shafin da ke faɗin ranar da injiniyoyi suka duba bango da ƙofofi ba, da abin da suka gano, da abin da aka gyara.

Sannan akwai jumlar nan ta "an tuntuɓi masu ruwa da tsaki", wadda sau da yawa ma'anarta taro a otal a babban birnin jiha. Makiyayin da aka nome masa burtali da mashaya bai je ba, haka masunci, haka matan da ke sayar da busasshen kifi. Kafin a buga rahoto, a karanta shi da Hausa, da Kanuri ko Fulfulde inda ya dace, a gaban Sarkin Ruwa da Arɗo da bulama da shugabannin ƙungiyoyin manoma. Inda suka ce ba haka abin yake ba, a rubuta ƙorafinsu a ciki, tare da sunan garin da ranar da za a koma a duba.